Thatcher da Blair: wa ya fi aiki, wa ya fi barin baya?

"Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce mai karanta kimiyyar siyasa. Duk lokacin da aka ɗauko zancen firaministocin Birtaniya na baya-bayan nan, Margaret Thatcher da Tony Blair ake fara ambata. Wasu malamanmu na cewa ita ta ceto ƙasar, wasu na cewa ita ta kassara talaka. Shi kuwa kamar ba a tuna shi da komai sai yaƙin Iraƙi. Don Allah a cikinsu wa ya fi yin aiki, kuma na wa ya fi ɗorewa?"

Malama, barka kadai. Tambayarki biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya, kuma gara a kwance su tun da wuri. Aikin da shugaba ya yi yana kan kujera daban, abin da ya rage bayan ya sauka daban. Idan ana irin wannan kwatanci, abubuwa huɗu nake sa ɗalibi ya duba: wace irin ƙasa ya gada, me ya yi da hannunsa, me sa'a ta kawo masa, sannan me abokan hamayyarsa suka bari a tsaye da mulki ya dawo hannunsu. Na ƙarshen nan shi ya fi faɗin gaskiya, domin dokar da abokin gaba ya samu dama bai rushe ba ta riga ta yi saiwa.

Thatcher ta jam'iyyar Conservative ta yi mulki daga Mayu 1979 zuwa Nuwamba 1990, ta ci zaɓe uku a jere. Blair na jam'iyyar Labour ya hau a Mayu 1997 ya sauka a Yuni 2007, shi ma uku ya ci a jere, abin da babu shugaban Labour da ya taɓa yi. A nan sun yi canjaras. Inda suka rabu shi ne abin da kowa ya tarar.

Ƙasar da kowa ya gada

Thatcher ta karɓi ƙasa a jigace. A 1976 sai da Birtaniya ta je Asusun Lamuni na Duniya neman bashi. A hunturun 1978 zuwa 1979 yajin aiki ya game ko'ina, shara ta taru a titunan Landan, har masu haƙa kabari a Liverpool suka ajiye aiki. Gwamnati ce ke riƙe da kwal, ƙarfe, wutar lantarki, iskar gas, tarho da jiragen sama, kuma da yawansu asara suke tafkawa. Mai babban albashi, kashi 83 cikin 100 na saman kuɗinsa haraji ke cinyewa.

Blair kuwa ya zo ya tarar tattalin arziki na hauhawa tun wajen 1992, farashi a kwance, rashin aikin yi na raguwa. Abin da ya lalace shi ne asibitoci da makarantu: gine-gine sun tsufa, mara lafiya kan yi fiye da shekara yana jiran a yi masa aiki. Saboda haka duk wanda ya jera alƙaluman su biyun ya ce na Blair sun fi kyau, gaskiya ya faɗa, amma rabinta.

Abin da Thatcher ta yi, da wanda ya biya

Ta fara da hauhawar farashi, kuma maganin da ta zaɓa mai ɗaci ne. An kai kuɗin ruwa kashi 17 cikin 100 a ƙarshen 1979. Hauhawar farashi ta kai kusan kashi 22 a 1980, ta faɗo ƙasa da kashi 4 a tsakiyar 1983. Amma tsadar bashi da ƙarfin fam, wanda man Tekun Arewa ya ƙara ɗagawa, sun sa kayan masana'antun Birtaniya sun kasa sayuwa a waje. Masana'antu suka yi ta rufewa a arewacin Ingila, Scotland da Wales. A Janairu 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan 3. A 1981 masana tattalin arziki 364 suka sa hannu a takarda suna cewa hanyar ba za ta ɓulle ba. Ta yi kunnen uwar shegu da su.

Wurin da za ki fi ganin yadda take aiki shi ne karonta da masu haƙar kwal. Ta san su suka kayar da gwamnatin Edward Heath a 1974. A 1981 da suka yi barazana, ta ja da baya, don ta ga ba ta shirya ba. Daga nan aka shiga tara kwal a tashoshin wutar lantarki, aka gyara wasu tashoshin su iya ƙona mai, aka yi dokokin da suka hana ma'aikata zuwa tare ƙofar wurin da ba nasu ba, suka kuma ba kotu ikon ƙwace dukiyar ƙungiya. Da yajin ya ɓarke a Maris 1984 kan shirin rufe ramuka 20, shugaban ƙungiyar, Arthur Scargill, ya tafka kurakurai biyu. Ya fara yaji ana fita daga hunturu, lokacin da buƙatar kwal ke raguwa, kuma ya ƙi kiran ƙuri'ar 'ya'yan ƙungiya na ƙasa baki ɗaya. Wannan ya ba ma'aikatan Nottinghamshire hujjar ci gaba da aiki, wuta ba ta ɗauke ba. Bayan shekara guda, a Maris 1985, suka koma bakin aiki hannu rabbana. Kwanakin aikin da yaji ya cinye sun kai miliyan 29 a 1979. A 1990 ba su cika miliyan 2 ba.

Sai cefanar da kamfanonin gwamnati: British Telecom a 1984, British Gas a 1986, British Airways a 1987, ƙarfe a 1988, ruwa a 1989, wutar lantarki a 1990. Sakamakon bai zo iri ɗaya ba, kuma dalilin a fili yake. Inda gasa za ta yiwu, kamar tarho da jiragen sama, an ga amfani. Inda ba za ta yiwu ba, kamar ruwan famfo da bututu ɗaya ne ke shiga gidan mutum, an dai sauya mai cin kasuwa shi kaɗai ne daga gwamnati zuwa 'yan kasuwa, kuma har yau ana ta kai ruwa rana kan bashin kamfanonin ruwa da ƙazantar da suke saki a koguna. Dokar gidaje ta 1980 ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar saye da rangwamen kashi 33 zuwa 50, kuma sama da gida miliyan 1 aka sayar a zamaninta. Ga wanda ya saya, alheri ne babba. Matsalar ita ce an ɗaure hannun ƙananan hukumomi wajen kashe kuɗin a gina sababbi, sai rumbun ya yi ta raguwa ba a zubawa.

Ta sauke harajin manyan masu samu daga kashi 83 zuwa 60, sannan zuwa 40 a 1988, ta ɗaga harajin sayen kaya zuwa kashi 15, wanda talaka ya fi ji a jikinsa. Tazarar mai kuɗi da talaka ta buɗe a shekarun nan fiye da kowane lokaci tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai kuma sa'ar da masu yabonta ba su cika ambata ba: kuɗin man Tekun Arewa ya kwararo daidai lokacin da ake buƙatar abin biyan miliyoyin marasa aiki. Norway ta kafa asusun ajiyar kuɗin manta a 1990. Birtaniya ta cinye nata.

Abin da ya kayar da ita haraji ne na ƙananan hukumomi wanda ake bi kai-kai, attajiri da mai share masa gida kuɗi ɗaya, kusan irin harajin da gwamnatocin PRP suka soke a Kano da Kaduna a Jamhuriya ta Biyu. An yi tarzoma a Landan a Maris 1990, miliyoyi suka ƙi biya. Hauhawar farashi ta koma kusan kashi 11, ga rigimar Turai ta raba ta da manyan ministocinta. Mataimakinta Geoffrey Howe ya yi murabus, tsohon ministanta Michael Heseltine ya ƙalubalance ta a shugabancin jam'iyya, ta samu ƙuri'a 204 shi 152, amma bisa ƙa'idar jam'iyyar ƙuri'a 4 suka rage mata ta yi nasara a zagayen farko. 'Yan jam'iyyarta ne suka sauke ta, masu zaɓe ba su taɓa kayar da ita a matsayin shugaba ba.

Blair: gini a kan harsashin da ya tarar

Tun kafin ya hau, a 1995, Blair ya sa Labour ta goge sashen tsarin mulkinta da ke alkawarin mallakar jama'a kan masana'antu. Da ya hau da kujeru 418 a majalisa da rinjayen kujeru 179, bai dawo da tarho, gas, ruwa ko wuta hannun gwamnati ba, bai soke jigon dokokin ƙwadago ba, harajin manya ya bar shi a kashi 40 har ya sauka. Shekara biyun farko ma kasafin da 'yan Conservative suka tsara shi da ministan kuɗinsa Gordon Brown suka bi.

Amma kuskure ne a ce bai yi komai ba sai gadin kayan Thatcher. A kwanakin farko aka ba Babban Bankin Ingila ikon yanke kuɗin ruwa ba tare da ɗan siyasa ya sa baki ba. A Afrilu 1999 aka fara mafi ƙarancin albashi, fam 3.60 a awa. 'Yan Conservative sun ce zai kashe ayyuka, hakan bai faru ba, daga baya su da kansu suka riƙa ƙara shi. An ba Scotland da Wales majalisunsu a 1999, an fitar da yawancin masu gadon kujera daga Majalisar Dattawa aka bar 92, an yi dokar kare haƙƙin ɗan Adam a 1998 da ta 'yancin samun bayanai a 2000, an kuma yi dokar da ta haifi Kotun Ƙoli a 2005. Waɗannan sun shige cikin rayuwar ƙasar har an manta wanda ya kawo su.

A harkar lafiya, kuɗin da ake kashewa ya kusa ninkawa a shekarun Labour, har aka ƙara kuɗin inshorar ƙasa a kasafin 2002 musamman don haka. An sa wa asibitoci wa'adin mako 18 daga turowar likita zuwa fara magani, aka cim masa a 2008, bayan Blair ya sauka. Talaucin tsofaffi da na yara ya ragu sosai, ko da yake alkawarin da ya yi a 1999 na kawar da talaucin yara cikin shekara 20 bai cika ba.

Inda baya ta haihu wuri uku ne. Na farko, asibitoci da makarantu da yawa an gina su ne da kuɗin 'yan kasuwa, gwamnati na biya a hankali shekara 25 zuwa 30. Dabarar ta ɓoye bashin daga littafin gwamnati, amma ta fi tsada, kuma wasu asibitocin har yanzu biya suke yi. Na biyu, kuɗin da ya ciyar da ayyukan nan kaso mai yawa daga harajin bankunan Landan ya fito, kasuwar da Thatcher ta sakar wa mara a 1986, Blair da Brown kuma suka ƙi matsa mata. Wata uku da saukarsa, a Satumba 2007, mutane suka yi layi a ƙofar bankin Northern Rock suna kwashe kuɗinsu. Na uku, da ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai a 2004, Birtaniya da Ireland da Sweden ne kaɗai suka buɗe ƙofar aiki nan take, waɗanda suka zo kuma suka ninninka abin da gwamnati ta ƙiyasta. Wannan na cikin abin da ya rura wutar ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016. Wani abin da magoya bayansa ba sa son ji: rabon masana'antu a tattalin arziki ya ci gaba da zubewa a zamaninsa, kuma gidajen ƙananan hukumomi da aka gina a lokacinsa ba su kai na lokacin Thatcher ba.

Yaƙi da sulhu

Yaƙin da Thatcher ta yi da Ajantina a 1982 kan tsibiran Falklands kwana 74 ya ɗauka. Ajantina ce ta fara mamaya, manufar yaƙin a bayyane take, kuma ya ƙare. Sojojin Birtaniya 255 suka mutu, na Ajantina 649, 323 daga cikinsu a jirgin ruwan Belgrano da aka nutsar. Ana mantawa cewa shirin gwamnatinta na janye jirgin sintiri daga yankin na cikin abin da ya ba sojojin Ajantina ƙwarin gwiwa, har ministan harkokin waje Lord Carrington ya yi murabus. Nasarar dai ta mayar da ita daga firaministar da ake gudu zuwa mai rinjayen kujeru 144 a zaɓen 1983.

Blair ya shiga Kosovo a 1999 da Saliyo a 2000, duk biyun suka yi masa kyau, kuma ina ganin nasarar nan ce ta sa ya yarda da hukuncin kansa fiye da kima. A Yuli 2002 ya rubuta wa shugaban Amurka George Bush cewa kan batun Iraƙi zai kasance tare da shi ko me ya faru. A Satumba gwamnatinsa ta fitar da takardar da ke cewa Saddam na iya harba makaman ƙare dangi cikin minti 45. Ranar 18 ga Maris 2003 majalisa ta amince da yaƙi, duk da 'yan Labour 139 sun bijire, Robin Cook ya ajiye muƙaminsa. Ba a samu makaman ba. Sojojin Birtaniya 179 suka mutu, fararen hular Iraƙi kuwa ko a ƙiyasi mafi ƙanƙanta sun haura 100,000. Kwamitin Chilcot da ya binciki yaƙin ya bayar da rahoto a Yuli 2016: an shiga yaƙi kafin a ƙure hanyoyin lumana, an gabatar da bayanan leƙen asiri da tabbacin da ba su cancanta ba, kuma shirin bayan yaƙi bai wadatar ba ko kaɗan. Rahoton bai ce ya yi ƙarya da gangan ba, ki kiyaye wannan in kina rubutu, amma abin da ya faɗa ma ya isa.

A Arewacin Ireland kuwa sikelin ya juya. Rikicin yankin, tsakanin masu son haɗewa da Jamhuriyar Ireland da masu son ci gaba da zama cikin Birtaniya, ya ci rai kusan 3,500. Thatcher ta ƙeƙasa ƙasa a yajin cin abincin fursunoni na 1981, mutum 10 suka mutu, abin da ya ba Sinn Féin, jam'iyyar masu son haɗewa da Ireland, ƙofar shiga siyasar zaɓe. Ƙungiyar mayaƙansu ta IRA ta kusa kashe ta da bam a otal a Brighton a 1984, amma shekara guda bayan haka ta sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba gwamnatin Dublin ta cewa a harkar yankin. John Major, wanda ya gaje ta, ya ɗora. Blair ne ya kammala da yarjejeniyar sulhu ta 10 ga Afrilu 1998, tare da Bertie Ahern, George Mitchell, John Hume da David Trimble, sannan ya shafe shekara tara yana lallashi har jagororin ɓangarorin biyu masu gaba, Ian Paisley da Martin McGuinness, suka zauna a gwamnati ɗaya a Mayu 2007. Wannan shi ne aikinsa mafi girma.

Ta fuskar Afirka

Nan kam Najeriya na cikin labarin. Da Thatcher ta nuna alamar amincewa da gwamnatin jeka-na-yi-ka ta Rhodesia (Zimbabwe ta yau), gwamnatin Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin man Birtaniya na BP ana jajibirin taron Commonwealth na Lusaka a 1979. Ƙarshen shekarar aka yi yarjejeniyar Lancaster House da ta kai ga 'yancin Zimbabwe. A 1980 aka ɗora wa ɗaliban waje cikakken kuɗin makaranta. A Yuli 1984 aka tsinci Umaru Dikko cikin akwati a filin jirgin Stansted, dangantaka ta yi tsami. A 1986 aka sanar da tilasta biza ga 'yan Najeriya da Ghana. Ƙin yarda da ta yi a ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu cikakken takunkumi ya sa ƙasashe 32, har da Najeriya, suka ƙaurace wa wasannin Commonwealth na Edinburgh a 1986. Ko da ta zo a Janairu 1988 aka yi mata hawan daba a Kano, sai da ta sha zanga-zanga kan wannan batu.

Blair ya kafa ma'aikatar raya ƙasashe mai cin gashin kanta a 1997, ya sa Afirka a gaba a taron Gleneagles na 2005. A shekarar ne ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris Club ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18 cikin kusan 30, Najeriya ta biya kimanin 12, kuma Birtaniya ce ta fi kowa bin bashin. Ma'aikatar nan an narkar da ita cikin ta harkokin waje a 2020. A tsakanin Musulmi dai, a Birtaniya da wajenta, Iraƙi ta shafe wannan duka.

To wa ya fi?

Idan ɗorewa ake nufi, Thatcher ce. Ta sauya tambayar da siyasar Birtaniya ke yi, har ta tilasta wa Labour sauya kanta kafin ta iya cin zaɓe. Idan kuwa ana tambayar a zamanin wa mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun sauƙi, a albashi, asibiti da makaranta, Blair ne, ba tare da wata-wata ba. Sai dai abin da ya yi da kuɗi, kamar cibiyoyin kula da ƙananan yara da gajeren layin asibiti, tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010 ya cinye da yawa, abin da ya yi da doka shi ya tsira. Ita kuwa yawancin aikinta na sayarwa ne da rushewa, kuma kamfanin da aka sayar ko ramin kwal da ruwa ya cika ba ya dawowa da ƙuri'a ɗaya.

Hukuncin nan yana da iyaka, domin babu wanda zai iya sake kunna tarihi ya ga yadda za ta kasance ba su. Masana'antu sun zube a Faransa da Amurka ma, kuma ramukan kwal da aka rufe a shekarun 1960 sun fi na zamaninta yawa. Abin da ya bambanta nata shi ne sauri, da kuma rashin wani abin da aka tanadar wa garuruwan. Tattalin arzikin zamanin Blair kuma Brown ne ke riƙe da linzaminsa, to yabo da zargi sai a raba musu. Ki kuma kula da kuskuren da ɗalibai ke yawan yi: jiragen ƙasa John Major ya sayar, ba Thatcher ba, kuma shi ya fara tsarin gini da kuɗin 'yan kasuwa a 1992, Blair faɗaɗa shi ya yi. Kuɗin jami'a kuwa na Blair ne: fam 1,000 a 1998, sannan dokar 2004 ta kai shi 3,000, dokar da ta sha da ƙyar a majalisa da ratar ƙuri'a 5.